Masu Dubiya Sun Ɗauke Mana Ƙafa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Turba.

Ɗana Lawali ya daɗe shina gudawa da jini, duk ya rame. Kowace mai dubiya da jiƙonta take zuwa, wannan sabara, waccan bagaruwa, kuma ba ta tashi sai ya sha a gabanta. Da munka je asibiti Sakkwato, likita ya ce kumburin hanji ne, a daina haɗa mishi magunguna. Ran da uwar mijina ta kawo nata jiƙon na ce mata, "Inna, yi haƙuri, likita ya hana," kowa ya ɗauke ƙafa. Jiya Lawali ya tambaye ni, "Laifi munka yi?"

Jama'a, ƙaƙa za ni yi? Matan Turba, ku zo hannu rabbana, sallamarku kawai muke so.