Ɗan Allon Matakala

CASILDA: Sau huɗu nake bugawa! Ku 'ya'yan yanzu waya na manne a tafin hannunku kamar ƙaya, amma tsohuwa ta kira sai ku kurumce.

MARIT: Yi haƙuri, Inna, ina wanke wa Aksel kai ne. Ina wuni?

CASILDA: Lafiya. Ya gidan? Ya jikokina?

MARIT: Suna lafiya. Ya ƙauye? Ya gwiwar?

CASILDA: Gwiwa tana nan, ta girme ki. Ina ɗan nawa, mijin naki?

MARIT: Fermín yana falo, yana shafa wa kekensa mai. Gobe Asabar, zai fita da abokansa.

CASILDA: Namiji da furfura yana hawan keke. Yara sun ci?

MARIT: Tun ƙarfe biyar.

CASILDA: Biyar! Kaji kike kiwo? A Zaragozar da kuke zaune wa yake cin abincin dare kafin tara? Wannan ɗabi'arku ta Norway ki ninke ta ki sa a akwati.

MARIT: Ai akwatin ma na sauko da shi.

CASILDA: Me? Layin nan yana ƙara kamar ana suya. Kin sauko da me?

MARIT: Ba komai, Inna.

CASILDA: Kunnena ɗaya ne ya mutu, 'yar nan, ɗayan yana aiki. Akwatin me?

MARIT: Na rubuta wa tsohuwar makarantar yara a Bergen, can Norway. Sun ce in muka koma kafin Janairu, akwai gurbi.

CASILDA: Wata uku da zuwanku! Gidan da na zauna shekara hamsin, na kwashe kayana na bar muku? Fermín ya sani?

MARIT: Ban gaya masa ba tukuna. Inna, mutanen benen nan ba sa son mu. In na ce ina kwana, sai su kalli bango. Matar hawa na uku ta hana 'yarta wasa da 'yarmu Liv. Jiya Liv ta tambaye ni ko wari muke yi.

CASILDA: Allah Sarki, 'yar tawa. Herminia fa, ta hawa na biyu? Ita ta karɓi haihuwar Fermín.

MARIT: Ita ta fi kowa. Kullum tana tsaye a ƙofarta, tana nuna mini matakala, tana magana da sauri kamar ruwan sama. Na ɗauka cewa take in kula kada yara su faɗi. Sai in ce na gode.

CASILDA: Sai ta ce me?

MARIT: Sai ta buga ƙofa.

CASILDA: Hmm. Kin shanya kaya suna ɗiga a kan nata?

MARIT: A'a.

CASILDA: Yara suna tsalle lokacin barcin rana?

MARIT: Har kan yatsu suke tafiya. Ni abin da ya fi ba ni mamaki, da farko sun karɓe mu hannu biyu. Aka kawo mana miyar wake, aka kawo tumatir. Har kyauta suka rataya mana a ƙofa, ba su ma faɗi wanda ya kawo ba.

CASILDA: Wace irin kyauta?

MARIT: Wani ɗan allo na katako, kamar tafin hannu, da jan zare. An sassaƙa lambar gidan a jiki, goma sha huɗu. Tsoho ne, ya yi santsi. Na shafa masa mai, na rataye shi a kicin, kusa da hotonki.

CASILDA: Tsaya.

MARIT: Inna? Halo? Layin ya yanke?

CASILDA: Ina nan. Zama na yi. Tun yaushe yake kicin ɗin?

MARIT: Mako shida ke nan.

CASILDA: Shida! Ya Ubangiji! Marit, matakalar benen, yaya take yanzu?

MARIT: Gaskiya ta yi datti. Na ma ce wa Fermín mai sharar nan ba ta da kirki, ko sau ɗaya ban gan ta ba.

CASILDA: Ke ce mai sharar!

MARIT: Ni?

CASILDA: Ke! Wannan allon marigayi mijina ne ya sassaƙa shi da hannunsa. Ba kyauta ba ne, layi ne. Wanda aka rataya wa a ƙofa, ranar Asabar ya ɗauki bokiti ya wanke matakala daga sama har bakin titi, ya goge ƙarfen da ake dafawa a hau, sannan ya rataya wa na gaba. Gida takwas, shekara arba'in, allon nan bai taɓa kwana takwas a ƙofa ɗaya ba. Ranar da aka binne mijin Herminia, sai da ta wanke kafin ta tafi coci!

MARIT: Wayyo! Wayyo, Inna! Ni kuma kullum ina ce mata na gode!

CASILDA: Da ni ce, da ba ƙofa zan buga ba.

MARIT: To me ya hana wani ya hau ya gaya mini a hankali?

CASILDA: Su gaya wa gidan Casilda yadda ake wanke matakala? A gidan aka haifi mijinki. Sun ɗauka ya sani, ya je ƙasar ƙanƙara ya dawo ya fi ƙarfin tsumma, ke kuma kina yi musu ba'a. Dariya kike ko kuka?

MARIT: Ban sani ba, duka biyun. Ashe ba ƙin mu suke ba.

CASILDA: Fushi suke, kuma da gaskiyarsu. Wanda ba a damu da shi ba, ba a fushi da shi mako shida. Tsaya. Fermín ya ga allon?

MARIT: Shi ya buga mini ƙusar. Ya ce yana tuna masa da ƙuruciya.

CASILDA: Ba ni Fermín ɗin a waya.

MARIT: Inna, kada ki...

CASILDA: Ki mayar da akwatin nan saman kabad, sannan ki ba ni shi. Kin ji ko?

MARIT: Na ji. Zan mayar. Fermín! Inna ce.

FERMÍN: Tsohuwata! Ya gwi...

CASILDA: Rufe mini baki. Allon ubanka da ke kicin, na mene ne?

FERMÍN: Allon... na ado ne, ko? Da can ina ganinsa a ƙofofi... Kai. Kai! Matakala!

CASILDA: Sannu da farkawa. Laifina ne, ni da yayarka muka yi ta durƙuso kana tsallake bokiti da ƙwallo a hannu. Matarka ta bar ƙasarta ta biyo ka, ka bar ta tana gaida bango, har ta fara neman hanyar gida.

FERMÍN: Hanyar gida? Marit, me take...

CASILDA: Za ta gaya maka, ka kuma saurara da kunne biyu. Yanzu ka cire allon, ka riƙe hannun Marit da na Liv, ku sauka wurin Herminia. Ka ce da bakinka kai ne jakin, ba baƙuwa ba.

FERMÍN: To, gobe in na dawo daga keke...

CASILDA: Babu keke. Asabar shida ka ci, Asabar shida za ka biya. Daga hawa na huɗu har titi, kai kaɗai, a kan gwiwa. Marit ba za ta taɓa tsumma ba, ta zauna wurin Herminia ta sha kofi suna kallonka.

FERMÍN: Inna, shekarata arba'in da uku, injiniya ne ni!

CASILDA: Madalla, sai ka auna ruwan daidai. Ka sa ruwan tsami kaɗan, Herminia tana shinshinawa.

FERMÍN: Ko sau uku, Inna? Inna? Halo? Marit, ta kashe. Ina muke ajiye bokiti?