Buhunan Wake a Ɗakin Hannatu

Salama a gare ku cikin sunan Yesu! Ku ce Halleluya! A'a, wannan ba ta kai ba, ku ƙara!

Ni ce Saratu mai wake, kun san ni a kasuwar Dutsin-Ma. Waccan da ke ɓoye fuska a layin mawaƙa 'yata ce, Hannatu. Yau bakina ba zai yi shiru ba.

Da kaka na saro wake a Barkiya. Kamar yadda muka saba, na jefa ƙwayar maganin ƙwari a kowane buhu, na ɗinke. Shagon ajiya ya cika, sai na jera sauran a ɗakin Hannatu. Ita kuwa jarrabawa ta matso, ta rufe ƙofa da taga tana karatu, nan take kwana.

Ran Asabar da hantsi sai ta fara amai. Kai na sara, ƙirji ya riƙe, numfashi sama-sama. Ni da iyayina na ce zazzaɓi ne. Maƙwabciyata Hajiya Binta ta leƙo, ta ce, "Maman Hannatu, wannan ya fi ƙarfin gida!" Ta tsayar da mai kurkura, muka yi asibiti.

Aka gwada jini, ba maleriya. Likita na ta tambaya, "Me ta ci? Me ta sha?" Ban sani ba. Leɓɓanta sun fara yin baƙi. Wayyo 'yan'uwa, tsoro ya kama ni! Na durƙusa a baranda na ce, "Ya Yesu, kai ka ba ni ita. Ban san abin da ke kashe ta ba, amma kai ka sani. Nuna mini!"

Ban ko tashi ba, sai ga Hajiya ta dawo daga ɗauko mana zane a gida. Ta ce, "Wai me ke ɗakin Hannatu? Tsaka sun zubo daga bango matattu, kazarki mai kwanci a bayan buhu ta mutu, ga wari kamar tafarnuwa."

Buhu! Na ruga ina kiran likita, ɗankwalina ya faɗi ban waiwaya ba. Na gaya masa maganin da na sa a buhunan. Ya ce ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, ita yarinyar ke shaƙa, kuma ba ta da makari. Suka sa mata iskar numfashi da ƙarin ruwa. Ya ce, "Sauran sai Allah."

To, Allahn nan ya yi! Washegari ta buɗe ido, ta ce, "Mama, jarrabawata fa?" Na yi guɗa a tsakiyar asibiti har aka tsawata mini.

Na gode wa Yesu, na gode wa Hajiya da ya aiko. Mata 'yan'uwana, buhu mai magani kada ya kwana inda mutum ke kwana. In kun rasa ta yi, ku kira Yesu, yana ji.

Hannatu, tashi su gan ki. Ja numfashi, 'yata, ja da kyau!