Kada Ku Maido Mini da Delbert Gida

Mai girma shugaban ƙungiyar mafarautan wannan kwari, Mista Wendell Strand; mai girma Fasto Haugen, wanda ya sa wa abincinmu albarka kuma ya riga kowa ƙari; shugaban 'yan kwana-kwana, Arlo Petrich, wanda muka tayar daga cin abincin rana ranar Asabar; iyayena mata da suka dafa waken nan mai yaji; dattawa, 'yan'uwa, da duk wanda ya ratso dusar ƙanƙara ya zo, ina gaishe ku da kyakkyawar gaisuwa.

Sunana Loretta Kuhlmann. Mutumin can da ke zaune kusa da murhu, ya ja hula har hanci, shi ne mijina Delbert. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin ku ɗaga hannu kan ko za a kore shi daga ɗakin cika harsashi na ƙungiya. Na zo roƙo ne, amma ban zo wanke shi ba, domin babu sabulun da zai iya.

Da farko, bari in faɗi abin da ya faru, tunda shi ya ba da labarin iri-iri, kuma a kowanne shi ne jarumi. Kun san yadda iska ke bushewa a nan Montana in sanyi ya kankama, har mutum ya taɓa mariƙin ƙofa ɗan lantarkin jiki ya tsikare shi. A irin wannan lokaci albarushi kan manne wa mazurarin roba, ya ƙi sauka daidai, wani kwanso ya sami kaɗan, na bayansa ya sami fiye da ƙima. Maganin abin kowa ya san shi: a goge robar da ɗan ƙyallen nan da muke sa wa tufafi a injin busarwa. Na ba Delbert guda. Ya sunsuna, ya ce, "Haba Loretta, wannan ai ƙamshin fure yake! So kike barewa ta ji ni ta yi mini dariya?" Na ce, "Barewa ta daɗe tana yi maka dariya, tsoho, karɓi." Ya karɓa, ya kai mota ya goge gilashi da shi.

Da ya iso ɗakin ya tarar albarushi ya manne, sai ya ce ai ƙura ce, ya kama goga mazurarin da hannun rigarsa ta ulu. Jama'a, ulu a kan roba! Yana gogawa albarushin yana mannewa, yana mannewa yana ƙara gogawa, har haushi ya sa ya buga shi da tebur, gari ya watsu a kan guntun kafet ɗin da ya ɓoyo daga gida don kada ƙafarsa ta yi sanyi. Abokinsa Gus Oberle yana gefe, ya ce, "Del, ɗauko tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma mana." Shi kuwa gogan ya ce, "Tsintsiya? Wane zamani kake, Gus? Matsa ka ga aiki." Ya jawo injin zuƙar shara, ya danna.

Tartsatsin injin ya kama garin albarushin, ƙarar kuwa kun ji ta daga inda kuke. Allah ya taƙaita, garin ba shi da yawa, kuma Gus ya riga ya rufe babban gwangwanin albarushin ya mai da shi akwatinsa. Injin ya tafi, labulen taga ya tafi, rabin gemun Delbert ya bi su. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni dai ban taɓa zaton zan auri mutumin da aka yi karin maganar dominsa ba.

Na biyu, kafin ku yi dariya ta ƙware ku, kowa ya dubi kansa. Dokar ɗakin nan a sarari take: a shiga da tufafin auduga, a tsaya a kan siminti tsura, a dafa bututun ƙarfen nan na bakin ƙofa don lantarkin jiki ya sauka ƙasa, a bar albarushi a gwangwaninsa na asali, a sa tabarau. To, wa ke dafa bututun? Ina shara a wurin duk wata, gizo-gizo ya yi gida a kansa har ya aurar da 'ya'ya. Wa ya zuba albarushi a gwangwanin kofi? Ba zan kama suna ba, amma yana zaune a kujerar shugaba. Wa ke shiga da rigar leda mai tartsatsi in an cire ta? Fasto, kada ka sunkuyar da kai, ban ce kai ba ne. Delbert ya fi ku rashin sa'a ne kawai, bai fi ku laifi ba.

Na uku, kuma wannan ne ya tashe ni tsaye. Kuna tsammanin in kun kore shi zai daina? Mai hali ba ya fasa halinsa. Tun jiya yake auna ɗakinmu na ƙasa da igiya. Na ce, "Me kake aunawa?" Ya ce, "Ba komai, tebur nake so in sa, na karatu." Delbert da karatu! Ɗakin nan kafet ne daga bango zuwa bango, tukunyar ɗumama gida tana ci a kusurwa, ga kyanwarmu da ba ta da aiki sai goga jiki a ƙafar mutum. Ku kun huta, ni kun ɗaura mini gurneti a ƙarƙashin gado.

Yanzu bari in ajiye wasa. Ranar Asabar da Arlo ya bugo mini waya, kafin ya gama cewa "yana nan lafiya", na zauna daɓas a tsakar kicin. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da muka yi aure. A nan akwai Gus da zai rufe gwangwani, akwai ku da za ku yi masa tsawa. A gida shi kaɗai zai sauka ƙasa ya ja ƙofa, ni ina sama ina sauraro. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka ku hukunta shi, amma a nan. Ku sa shi gadin ƙofa har sanyi ya wuce, duk wanda ya zo Delbert ya duba rigarsa, ya sa shi ya dafa ƙarfe, har shugaba. Ya biya injin, ya share ɗakin da tsintsiya. Ku yi masa ba'a son ranku, ya cancanta, zan ma taya ku. Ku dai bar mini shi inda akwai idanu a kansa, domin tsohon nan mai taurin kai shi kaɗai gare ni.

Allah ya tsare hannayenku da idanunku, ya kiyaye gidajenmu daga wuta, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya a kan wannan hanya mai santsi. Allah ya sa ku ɗaga hannu da tausayi.

Na gode.