Safar Torfi da Kujeru Bakwai

Shugaban kwamitin wannan gida kuma shugaban taronmu na yau, Ketill, wanda na ɗauka kamar ɗana. Shugabar gida, Dagny, da ma'aikatanta masu ɗawainiya da mu dare da rana. Fasto, wadda ta bar hidimar coci ta zo ta sa mana albarka. Masu girki, waɗanda ƙamshin aikinsu ya riga su shigowa. 'Ya'ya da jikoki da surukai da kuka keto dusar ƙanƙara kuka zo. 'Yan'uwana tsofaffi, masu ji da kunne ɗaya da masu ji da biyu: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da jajiberin Kirsimeti.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sigurlaug, amma Lauga ake ce mini. Shekarata tamanin da huɗu, arba'in daga ciki na yi su ina feɗe kifi a bakin tashar jirgin ruwa, shida kuma a gidan nan. Ni ke riƙe da ƙungiyar masu saƙa ta ranar Talata, shi ya sa aka ce in tashi in yi godiya, in nuna abin da hannuwanmu suka yi bana, in zauna kafin abinci ya huce. Minti biyar aka ba ni. Ketill, ajiye agogon nan, ni na saƙa maka hularka ta farko.

Godiya dai zan yi, domin yabon gwani ya zama dole. Mun gode da ƙyafaffen naman rago da dankali da koren wake. Mun gode da faten shinkafa da madara, da ƙwayar almon, mai kama da gyaɗa, da aka ɓoye a ciki don mai rabo. Mun gode wa matan da ke juya mu a gado, su yi mana wanka, su sha zaginmu ba su rama ba. Mun gode wa manoman kwari da suka aiko mana da ulu. Wannan godiya har zuciyata take, kada abin da zai biyo baya ya sa ku yi shakkarta.

Magana ta farko, aikinmu. Kowa a nan ya girma da tsoron ƙatuwar kyanwar Kirsimeti, wadda iyayenmu suka ce tana cinye duk wanda ƙararrawar coci ta ƙarfe shida na yammacin jajibere ta buga bai sami sabon abin sawa ba. Mun tsufa, mun daina tsoron kyanwa, amma ba mu daina jin kunyar a ce wani namu ya shiga Kirsimeti ba wanda ya tuna da shi ba. Saboda haka tun watan Satumba mu tara muke zaune da tsinken saƙa, da yatsu masu ciwo da idanu masu hazo, muna yi muna warwarewa. Mutum arba'in da ɗaya ke kwana a gidan nan, kaya arba'in da ɗaya muka ɗaura niyyar yi: safa, safar hannu, hula, mayafin wuya. Talatin da huɗu ga su nan a jikin masu su, ku duba ku gani. Bakwai suna cikin kwandon nan da ke gabana.

Magana ta biyu, me ya sa bakwai suka rage? Domin masu su ba sa cikin ɗakin nan. Suna sama, kowa a ɗakinsa, kowa da farantinsa a kan cinya, suna jin kiɗanmu ta ƙarƙashin ƙafafunsu. An rubuta a takarda, an manna a bakin ƙofa, cewa wannan liyafar iyali ce, an jera tebura gida-gida, wanda kuma ba shi da baƙo za a kai masa nasa ɗaki. Na karanta takardar sau uku, na goge tabarau na sake karantawa, ko idona ne ke yi mini ƙarya.

Na je na sami shugabar gida. Na ce, "Dagny, 'yar nan, wa ya ba ki wannan shawara?" Ta ce, "Lauga, don su aka yi. In sun zauna suna kallon kowa da jikokinsa, ransu zai sosu." Na ce, "To, in sun zauna suna kallon bango fa, daɗi za su ji?" Ta ce, "Ɗakin ma ba zai ɗauke mu ba." Na ce, "Ya ɗauki itacen Kirsimeti mai faɗin tebur biyu, ko shi ma jikokinsa sun zo?" Ta yi dariya, ta dafa kafaɗata, ta ce in je in huta. Ban ce muguwa ce ba, kuma ba zan faɗa ba, yarinya ce mai kirki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambayi ko mutum ɗaya cikin bakwai ɗin nan abin da yake so ba. An yanke musu hukunci da sunan tausayi, an rufe musu ƙofa da sunan tausayi, an kai musu faranti da sunan tausayi. Raina ya ɓaci, jama'a, ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu da nake tsaye bai huce ba.

Magana ta uku, bari in ba ku sunan mutum ɗaya, don kada ku ɗauka lissafi nake yi. Torfi, ɗaki na goma sha biyu. Shekararsa casa'in da ɗaya, bai taɓa aure ba, teku ce ta cinye ƙuruciyarsa. Torfi bai iya saƙa ba, amma babu Talatar da ya taɓa fashi. Zama yake yi a tsakiyarmu ya miƙe hannuwa biyu, mu rataya masa zare, mu yi ta naɗewa, shi kuma yana kaɗa hannun hagu da dama har mu gama. Duk wani abin ulu da ke jikinku yau, ya bi ta hannun Torfi kafin ya zo gare ku. Hular da ke kan jikarki, Fasto, wadda muka saƙa bara, ta bi ta hannunsa.

Marigayiya Hallbera, abokiyar ɗakina, wadda muka binne a watan jiya, ita ta ɗauki saƙa masa safa. Kullum faɗa suke yi. Ta ce masa, "Kai tsohon banza, riƙe hannun sosai, ko igiyar jirgi ma haka ka riƙe ta?" Ya ce, "Igiyar jirgi ba ta da baki, Hallbera." Ta ce, "In ka ƙara magana zan saƙa maka safar da ƙaya a ciki." Ya ce, "Ki saƙa, ai ita ce kyautar farko da mace ta taɓa yi mini." Ta gama ta dama, ta kai ta hagu rabi, sai kwananta ya ƙare. Kwana biyu kafin ta cika ta miƙo mini tsinken, ta ce, "Lauga, kada ki rufe bakin ta hagu da ka. Ki auna a ƙafarsa. Kin san ƙafar."

Na san ƙafar, kuma akwai wasu a ɗakin nan da ya kamata su san ta. Yatsu biyu ne suka rage a ƙafar hagun Torfi. Ukun sanyi ya cinye su, shekarar da igiyar ruwa ta share wani matuƙi daga kan jirgi cikin tsakiyar hunturu, Torfi ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ya ciro shi. Ketill, mahaifiyarka ga ta nan zaune a damanka. Tambaye ta wane ne matuƙin, in ba mahaifinka ba. Tambaye ta wata nawa ne cikinka a lokacin. Teburinku na mutum goma sha ɗaya ne yau, na ƙirga, kuma an ce mini Torfi ba shi da iyali.

Da safen nan na same shi a bakin matakala, zaune a kekensa na guragu, ya sa farar riga, ya ɗaura laktaye, ya taje 'yan gashin da suka rage. Bai ga takardar ba, idonsa ba ya karatu yanzu. Ni na faɗa masa, da bakina, kuma ban taɓa yin aikin da na tsana kamarsa ba. Sai ya fara kwance laktayen. Ya ce, "Ba komai, Lauga. In kin tsinci almon ki ci mini." Na ce, "Safarka fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Bana dai kyanwa ta sami nama, sai dai tsoho ne, zai yi mata tauri."

Kada ku ce tsohuwa ta ɗauki faɗan da ba nata ba. 'Ya'yana biyu suna ƙasashen waje, babu wanda ya zo. Sunana yana cikin waccan takarda, ni ce ta takwas, aka soke shi da biro don ana bukatar mai jawabi. Kujerar da nake kai ba ta iyali ba ce, ta godiya ce. Ku kuma 'ya'yanmu masu ƙarfi a jika, da kuke zaune yau kewaye da naku, in kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Babu ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da ya taɓa zaton shi za a kai wa faranti ɗaki.

Ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Ba na neman a kori kowa, ba na neman a kafa kwamiti, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kujeru bakwai nake nema. A matsa, a takura, a ɗora jikoki a cinya, a ja itacen nan zuwa lungu. Zumunta a ƙafa take, kuma matakalar nan ashirin da biyu ce kacal. Kayan da ke kwandon nan ba zan ba ma'aikaciya ta raba su ɗaki-ɗaki kamar magani ba. A nan za a ba kowa nasa, a gaban jama'a, a tafa masa kamar yadda aka tafa wa saura.

Na ga ka miƙe, Ketill. Madalla. Ɗaki na goma sha biyu, kuma ka ce ya mayar da laktayen. Ku ma da kuka tashi, Dagny ta san sauran ɗakunan, ku bi ta.

Allah ya albarkaci wannan gida da masu hidima a cikinsa. Allah ya ji ƙan Hallbera da duk waɗanda suka zauna da mu bara, bana babu su. Allah ya tsare waɗanda ke kan teku, ya mai da ku gidajenku lafiya kafin ƙararrawa ta buga. Allah ya sa in tsufa ya zo muku, a sami mai hawowa bene ya ƙwanƙwasa muku ƙofa.

Ni zan zauna yanzu, amma a ɗauke cokalin nan daga gabana. Saura layi tara in rufe safar nan, kuma ba zan kai loma baki ba sai ƙafar Torfi tana kan cinyata.

Na gode.