Abin da Baraka Tat Tambaya

Hamdiyya: Salamu alaikum. Anti Shafa'atu?

Shafa'atu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ban san lambar ga ba.

Hamdiyya: Hamdiyya ce, Anti, daga Illela. Layina na Nijar ne, shi kaɗai ke da sabis yau.

Shafa'atu: Wa? Hadiza?

Hamdiyya: Hamdiyya! Ɗiyarki ta asibiti.

Shafa'atu: A'a, Hamdiyya! 'Yar halas. Ina wuni?

Hamdiyya: Lahiya lau, Anti. Ina gajiya?

Shafa'atu: Ba gajiya. Ya aiki? Ya marasa lahiya?

Hamdiyya: Da godiya. Ya Sakkwato, ya zahi? Ya ƙahwar taki?

Shafa'atu: Ƙahwa sai lallaɓawa. Tun da na aje aiki take rama tsayuwar da nis sa ta. Ya Jabir? Ya ƙawata Umma, ta shiga makaranta?

Hamdiyya: Ta shiga, duk suna lahiya. Ya Baba Alhaji?

Shafa'atu: Shina nan, ya tahi masallaci. Ke, muryarki ba ta yi mani ba. Mura kike?

Hamdiyya: A'a.

Shafa'atu: To mi?

Hamdiyya: Ba komi, Anti. Na dai kira in gaishe ki.

Shafa'atu: Hamdiyya, ni na koya maki riƙon allura. Ba ki kirana kina bakin aiki don gaisuwa. Ga shi ina jin ƙarar janareto bayanki. Mi ya faru?

Hamdiyya: Anti, kin tuna Baraka? Matar Alhaji Maccido, mai kai atamfa Ƙonni?

Shafa'atu: Baraka mai dariya? Ya zan mance ta! A hannuna tah haihi Shahida, lokacin ina nan wurinku. Lahiya?

Hamdiyya: Tana kwance wurinmu. Ciwon daji ne, na nono. Ya bi ƙashi, ya taɓa hanta.

Shafa'atu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a kawo ta nan Sakkwato ba?

Hamdiyya: An kai ta, ta daɗe can. Su sunka maido ta. Sun ce a tsaida ƙarin ruwan maganin dajin, a dawo da ita kusa da gida, a riƙa rage mata raɗaɗi.

Shafa'atu: Allahu akbar. To, na gane. Ita ta sani?

Hamdiyya: Nan maganar take. Alhaji ya roƙe mu kada kowa ya gaya mata. Ce mata anka yi hutu likitoci sunka ba ta, in ta yi ƙarhi a koma.

Shafa'atu: Halo? Kin ce a koma ina?

Hamdiyya: A koma Sakkwato! Kina jina? Bari in matsa gindin dogonyaro. Yanzu fa?

Shafa'atu: Yawwa. Ci gaba.

Hamdiyya: To, Shahida ta sa mata abin nan cikin waya, wanda ake yi wa magana shina amsawa. Ƙirƙirarriyar basira da suke cewa a rediyo.

Shafa'atu: Na san shi. Jikana Usama da shi yake aikin makaranta. Har Hausa shina ji?

Hamdiyya: Shina ji, Anti, sai dai Hausar Kano yake yi. Don ya ɗebe mata kewa anka sa mata, ya riƙa karanto mata labarin annabawa. Ashe ita in ta ga babu kowa kusa, tambayoyi take mashi. Ta gaya mashi an tsaida magani, ta gaya mashi irin allurar da muke mata, da kumburin ciki, da yadda idonta ya yi ɗorawa.

Shafa'atu: Sai yac ce mi?

Hamdiyya: Yac ce shi ba likitanta ba ne, bai ga jikinta ba. Amma sau da yawa in anka yi haka, ana neman sauƙaƙa wa mutum ne, ba warkewa ba. Yac ce ta tambayi masu kula da ita, tana da haƙƙin ta sani.

Shafa'atu: La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Hamdiyya: Da sahen ga na shiga in canza mata ruwa, sai tak kama mani hannun riga. Tac ce, “Hamdiyya, don girman Allah, tahiya ce?”

Shafa'atu: Kinka ce mata mi?

Hamdiyya: Nic ce rai na hannun Allah, mai lahiya ma shina iya riga mara lahiya. Irin abin da muke cewa dai. Anti, sai tas sake ni. Tad dube ni tac ce, “Ashe waya ta hi ki tsoron Allah.” Taj juya ta ba ni baya.

Shafa'atu: Subhanallahi.

Hamdiyya: Tun lokacin ban koma ɗakin ba. Na sa wata ta yi mata allurar rana. Ko abinci na kasa ci.

Shafa'atu: Ciwo ne ke magana, ɗiyata, kada ki riƙe ta.

Hamdiyya: Ban riƙe ta ba. Gaskiya taf faɗa, shi ya hi ci mani rai. Kuma Anti ba wannan kaɗai ba. Kin san wata ƙungiya ta kawo muna allunan nan na hannu. Ka sa zahin jiki da hawan jini da abin da mutum ke ji, ya hiddo maka abin da yake zato da maganin da ya dace.

Shafa'atu: Shina daidai kuwa?

Hamdiyya: Sau da yawa shina daidai. Ran nan ya ankarar da mu kan wata mai ciki daga Lafani, munka tura ta da wuri, ta tsira ita da ɗanta. Ban ƙi shi ba, wallahi. Amma Ikrama, abokin aikina, kullum cewa yake nan gaba nas ɗaya za a bari a ɗaki da allo, sauran a ce mu tahi gida. Da ina mashi dariya. Nakan ce to ya ɗauki lissahin magani, ya ɗauki rubuce-rubuce, ai ya hutar da mu. Abin da ba ya iyawa shi ne zama da mai ciwo, da tuna mashi Allah. Wanga namu ne.

Shafa'atu: To ai haka ne.

Hamdiyya: Anti, jiya ina gyaran gadon kusa da ita, naj ji Baraka na tambayar abin nan na wayarta ko raɗaɗin da take sha shina kankare zunubi. Ya amsa mata a natse, da lallashi, har yac ce ta nemi malami ya ƙara mata bayani. Tac ce ya karanto mata addu'ar mara lahiya, ya karanto, tana bi. Ni ina tsaye da zanen gado a hannu. Tun da tak kwanta ba ta taɓa yi mani irin wagga tambaya ba.

Shafa'atu: Kin taɓa zama har ta samu damar yi?

Hamdiyya: Ina na ga lokaci? Mu biyu ne a ɗakin mata duka. Ga masu haihuwa, ga yara masu zazzaɓi, ga waɗanda ake kawowa daga Araba bisa babur. Shi kuwa ba ya gajiya, ba ya sauri, ba a kiranshi wani gado. Ko sau nawa tat tambaye shi abu guda, ba ya ƙosawa. To mi ya rage mani? Wankin ƙurji da kwashe fo?

Shafa'atu: Kada ki raina wankin ƙurji.

Hamdiyya: Ban raina ba. Amma ba don shi kaɗai nis shiga aikin ga ba. Yaran da ke zo muna daga makaranta ma cewa suke maganar addu'a da lahira ba aikin nas ba ne, na malamai ne. Wai mu magani anka koya muna.

Shafa'atu: Malami na zuwa ya yi addu'a ya tahi, Allah ya saka mashi. Amma sa'ad da numfashi ya hwara sama, wa ke wurin? Mu. Mu ke jiƙa leɓe da auduga, mu juya mutum ya dubi alƙibla, mu riƙa faɗin kalmar shahada kusa da kunnenshi a hankali, ba tare da mun matsa mashi ba. In Kirista ne mu aika a kira nashi, mu zauna da shi har su iso. Ba wanda ya rubuta muna wannan a makaranta. Gani munka yi ga na gabanmu.

Hamdiyya: To in wata rana mutane sunka gwammace wayar hwa?

Shafa'atu: Ban sani ba, Hamdiyya. Ba zan yi maki ƙarya ba. Wataƙila ya karɓe abubuwa da yawa da muke ganin namu ne. Ni kaina in naj ji Usama na hira da shi, sai in yi ta tunaninku. Amma bari in tambaye ki. Shi ya riga ya gaya mata abin da ya gaya mata, ko?

Hamdiyya: Ya gaya mata.

Shafa'atu: To don mi tak kama rigarki?

Hamdiyya: Ban sani ba, Anti.





Shafa'atu: Baraka ba yarinya ba ce. Matar da ke gane atamfar jabu da shafa guda, ai ta san jikinta. Ba labari take nema ba. So take wanda ya san ta ya faɗa mata a gaban idonta, kuma kada ya gudu bayan ya faɗa. Akwai abin da ke damunta ne?

Hamdiyya: Akwai. Shahida ta gaya mani. Ƙanwarta Hasana da ke aure Ƙonni, sun daɗe ba su ga maciji, tun rasuwar mahaihiyarsu. Kwanan nan ko cikin barci sunanta take kira. Amma ta hana a aika mata, wai sai ta warke ta tahi da ƙahwarta.

Shafa'atu: Kin gani? In kunka ci gaba da ce mata hutu take, za ta yi ta jiran warkewa har ta tahi da gabar 'yar'uwarta. Wanga ba rufin asiri ba ne, zalunci ne. Ba ni lambar Alhaji Maccido. Shina jin maganata.

Hamdiyya: Na riga na same shi, Anti, bayan azahar. Ya hito daga masallacin asibiti.

Shafa'atu: Ya yi maki faɗa?

Hamdiyya: Faɗa nis sa ran sha. Sai yaj jingina da motarshi ya ruhe huska da babbar riga. Anti, ban taɓa ganin dattijo na kuka haka ba. Yac ce ba don ita ya hana ba, don kanshi ne. Wai in tad dube shi ta tambaye shi, faɗuwa zai yi. Yac ce, “Ɗiyata, ki yi abin da za ki iya amsawa gaban Allah, ni dai ba ni iyawa.”

Shafa'atu: Allah sarki Maccido. Likita hwa?

Hamdiyya: Na kira shi, shina tiyata. Yac ce tun da maigidan ya yarda, kuma ni ta saba da ni, in gaya mata, shi zai biyo da sauran bayani.

Shafa'atu: To mi kike jira?

Hamdiyya: Tsoro nike. Ban san kalmar da zan hwara da ita ba. Wallahi har na ɗauko waya in tambayi abin nan mai amsa magana yadda ake faɗa. Na buɗe, sai kunya tak kama ni, nik kira ki.

Shafa'atu: Da kin tambaye shi ma ba zunubi ba ne, ƙila ya ba ki kalmomi masu kyau. Ni dai ga abin da nis sani. Kada ki faɗa a tsaye. Jawo kujera ki zauna har idonki ya daidaita da nata. Ki hwara ba ta haƙuri kan amsar da kinka ba ta da sahe. Sannan ki tambaye ta mi ita ke gani, ki bar ta ta yi magana.

Hamdiyya: In ta ce yaushe hwa?

Shafa'atu: Ki ce ba ki sani ba, don ba ki sani ba. Amma ki ce mata in akwai wanda take son gani, a kira shi yanzu.

Hamdiyya: In na yi kuka hwa, Anti? An ce muna nas ba ta kuka gaban mara lahiya.

Shafa'atu: Ni na ce maku haka, kuma ni na sha yi. Ki yi abinki, kada dai ki hi ta. In ta yi shiru kada ki cika wurin da wa'azi. Ki riƙe hannunta. In ta so addu'a, ku yi tare, ko muryarki na rawa.

Hamdiyya: To. Anti, tsaya... Shahida ce ke tahowa. Na'am, Shahida? Ta tashi? Ni? Ni kaɗai tac ce? To, ina zuwa, ki ce mata ga ni nan.

Shafa'atu: Mi tac ce?

Hamdiyya: Wai ta farka, ta hidda kowa daga ɗakin, ta ce a kira mata ni.

Shafa'atu: Yi bismillah ki tahi. In kin hito ki sa Alhaji ya tura mota Ƙonni tun rana ba ta faɗi ba.

Hamdiyya: Anti, don Allah kada ki kashe. Bari in sa ki cikin aljihu, ki riƙa ji. In na kakare sai in...

Shafa'atu: A'a. Ke tak kira, ba ta kira mu biyu ba.

Hamdiyya: Anti, don Allah...

Shafa'atu: Allah ya ba ki abin faɗa, ɗiyata. Na kashe.