Kabarin Sale a Dajin Bama

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne Kofur Garba, tsohon soja, daga Zandam ta ƙasar Gwaram.

Ranar kasuwa na shiga motar Birnin Kudu, na tarar da samari 'yan boko suna gardamar ƙasar da ta ci Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ya ce Amurka, wancan ya ce Rasha, wani ya rantse Ingila ce. Na ce, "Mu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama fa?" Ɗayansu ya tuntsire da dariya, ya ce, "Haba Baba, ku ai dako kuka yi wa Turawa."

Dako! Malam, da hannuna na binne ƙanena Sale a dajin Bama, can kusa da Indiya, ba likkafani, sai bargon soja. Muka fuskantar da shi gabas yadda muka saba a gida. Daga baya wani Musulmin Indiya ya gaya mana alƙiblar can yamma take. Har yau abin yana cina a rai.

Ina roƙon malamai su ba ni fatawa kan kwanciyar Sale. Su kuma samarin nan, in sun gama raba wa ƙasashe nasarar, su faɗa mini wacce a cikinsu ta san inda kabarinsa yake.