Rufin Ɗakin Shayi na Kwarin Hesgen

Shugabar taro Uwargida Nesta Prydderch, mai girma Fasto, kansilolinmu da suka yi ƙoƙarin hawo tudu da takalman ofis, iyaye, 'yan uwa, har da tumakin da muka kora daga nan, ina gaishe ku.

Na gode da kuka zo, duk da ruwan da ake zubawa.

Wannan ɗaki kun san shi. A nan kakanninmu masu fasa dutsen rufin gidaje suke shan shayin rana, su yi musun siyasa da na tauhidi, su rabu kowa na ganin shi ya yi nasara. Da mahaƙar ta mutu, rufin ya bi ta. Kwarin da ya rufa wa biranen duniya asiri ya bar ɗakinsa da kai a buɗe.

Bara hukuma ta tausaya mana. Ta ce kafin sanyi ya kayar da bango, za ta yi wa ɗakin rufi da dutsen ƙasar Sifen. Dutsen Sifen, jama'a, a Hesgen!

Goggo Eirlys, wadda ƙurar dutse ta sa mahaifinta ya bar huhunsa a ramin mahaƙar nan, ta tare ni a bakin coci, ta ce, "Kai Emlyn, sarkin karatu, rufin baƙi za a ɗora a kan kujerar ubana kana tsaye?"

Na ce, "Goggo, littafi na iya ɗauka, ba dutse ba."

Ta ce, "To, ɗora dutsen a kan tumbin nan naka, ya yi amfani sau ɗaya."

Sai muka bazama cikin kufai. Muka shiga rumfunan da ƙaya ta cinye, muka bi tsohuwar hanyar ƙarfe mai tsatsa ta kurar ɗaukar dutse, muka tone tulin dutsen da kakanni suka zubar suna cewa shara ne. Likita ya ɗauka, mai gidan giya ya ɗauka, Fasto ya ɗauka har ya faɗi wata kalma da muka yafe masa. Sanyi yana matsowa, muna ɗorawa. Falle-falle muka tsinto rufin nan, kuma babu fallen da ya taɓa ganin teku.

Yanzu ku yi shiru, ku saurara. Kun ji ruwa yana dukan rufi? To, ku shafa kawunanku. Goggo, ga ki a kujerar mahaifinki: ko ɗigo ya taɓa ki?

Allah ya jiƙan waɗanda suka fasa, ya ƙarfafa waɗanda suka ɗora, ya sauke kansiloli ƙasa lafiya. A zuba shayi.

Na gode.